Harsashi ɗaya ga mutanen gida guda: wane awo ya dace da farautar manyan namun daji?

Magidancin da yake son sayen bindigar farauta guda ɗaya, wadda shi da ɗansa, ko ƙaninsa, ko maiɗakinsa za su riƙa karɓa-karɓa da ita, yakan fara da tambayar sunan kamfani, alhali kuwa awon harsashi, wato faɗin ƙwayarsa da girman kwansonsa, shi ne yake yanke yawancin hukuncin. Awon shi ne yake faɗin irin dabbar da za a iya kayarwa, da ƙarfin shurin da kafaɗa za ta sha, da kuɗin da za a riƙa kashewa duk shekara, har ma da ƙasar da doka za ta bar mutum ya yi harbi a cikinta. Bayanin da ke tafe ya shafi 'yan Zangon Kumasi da na Akara waɗanda iyalansu suke zaune a Amurka, Kanada, Ingila ko Jamus, da kuma masu halin zuwa farauta Afirka ta Kudu ko Namibiya, domin a waɗancan wuraren ne ake amfani da waɗannan harsasai bisa doka kuma ake samun su a kanti.

Dole a fara da halin da ake ciki a nan gida, don kada wani ya karanta ya ɗauka cewa gobe zai iya sauka Adum ya sayo. A Gana rundunar 'yan sanda ce take ba da lasisin bindiga, da sunan mutum ɗaya kuma a kan bindiga ɗaya, ana sabunta shi kowace shekara, kuma abin da mafarauta suka fi riƙewa shi ne bindiga mai baki ɗaya mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda ake kira mai lamba 12. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji shi ne yake ba da izinin farauta, yana rufe ta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba don namun daji su haihu, sai gyazbi kaɗai da ake bari ga mai izini. Giwa, zaki, damisa da dorina an hana taɓa su kowane lokaci, kuma ba a farauta a gandun Mole ko makamantansa. Saboda haka kalmar "bindigar gida" ba ta nufin a miƙa wa yaro makami saboda sunan mahaifinsa yana kan takarda. Ko a ƙasashen da ake barin matashi ya yi farauta, yawanci sai ya yi kwas na koyon ƙa'idojin harbi kuma babba yana tare da shi.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya rinjayi sauran, shi ne shuri, kuma da kafaɗar mafi ƙarancin ƙarfi a gidan ake auna shi, ba da ta mai gida ba. Wanda bindiga ta taɓa yi wa zafi yakan koyi runtse ido da fizgar kunama tun kafin ƙarar ta tashi, bai ma san yana yi ba, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar fita. Sakamakonta harsashi ya sauka a ciki ko a cinya maimakon bayan kafaɗa inda huhu da zuciya suke, dabba ta gudu da rauni ta mutu a inda ba a gani. Ga Musulmi wannan ya wuce asarar nama, domin azabtarwa ce, kuma malamai sun yi dogon bayani a kan hukuncin dabbar da ta ɓace wa maharbi sai daga baya ya tarar da ita a mace. Masu koyar da harbi sukan ce yawancin manya suna jure shuri har wajen jul 27 (jul ma'aunin ƙarfi ne) kafin saitinsu ya fara lalacewa, matasa da sababbin shiga kuwa gara a tsaya musu ƙasa da jul 20.

Na biyu shi ne dabba mafi girma da za a farauta a zahiri, ba wadda ake mafarkinta ba. Barewar Amurka mai farar wutsiya takan kai kilo 45 zuwa 130, kusa da girman mazo ko maraya a wajenmu. Namijin elk, wata babbar barewar Amurka, yakan haura kilo 300, wato ya ɗan ɗara gwanki, namijin dabbar da ake kira kudu, wata dangin gwanki ta kudancin Afirka, kuma yana tsakanin kilo 190 da 270. Harsashin da ya isa ga barewar ba lallai ya ratsa kafaɗar elk ko kudu ba.

Na uku shi ne samuwar harsashi da farashinsa, domin bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kuwa kullum. Gidan da mutum uku suke koyon harbi yana ƙona ɗaruruwa a shekara. Na huɗu shi ne daɗewar bututu, na biyar doka, na shida kuma haɗarin da ke tattare da kowane zaɓi. Game da farashin bindigar kanta babu dogon zance: kamfanoni irin su Ruger, Savage, Howa da Tikka suna ƙera samfuri ɗaya a kusan dukan waɗannan awo a kuɗi ɗaya, kuma masu araha a Amurka sukan kama dala 400 zuwa 600 ban da madubin saiti.

.243 Winchester

An fito da shi a 1955, ta hanyar matse bakin kwanson .308 ya ɗauki ƙwaya mai faɗin milimita 6. Ƙwayar farauta mai nauyin giram 6.5 tana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, shurinsa kuma kusan rabin na .308 ne. Da shi yara da yawa a Amurka da Afirka ta Kudu suka harbi dabbarsu ta farko, kuma a kan barewa ko impala, wata dangin maraya, ba shi da abin zargi. Ana samun sa ko'ina a farashi mai sauƙi.

Rauninsa biyu ne. Yana cin bututu, domin albarushi mai yawa yana bi ta ƙaramar kafa, kuma masu harbin gasa sukan ƙiyasta cewa daidaitonsa yana fara raguwa wajen harbi 1,500 zuwa 2,000. Mafi muhimmanci, ƙwayar ba ta da nauyin da za ta fasa babban ƙashi ta wuce. Jihar Kolorado ta yarda a harbi elk da shi idan ƙwayar ta kai nauyin da aka ƙayyade, amma abin da doka ta bari ba shi ne abin da ya kamata a ɗora wa sabon maharbi ba. A Ingila ya cika sharaɗin faɗin inci .240 da ake nema ga manyan barewa. A Jamus kuwa bai wuce ƙaramar barewar nan ta roe ba, saboda sauran masu kofato ana neman aƙalla milimita 6.5 da ƙarfin jul 2,000 a nisan mita 100.

6.5 Creedmoor

Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007 don gasar harbin nesa, sannan mafarauta suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ƙwayarsa doguwa ce siririya mai nauyin giram 9, iska ba ta karkatar da ita sosai, tana kuma nutsewa cikin nama fiye da yadda faɗinta zai sa a zata. Wannan ba sabon ilimi ba ne: mutanen Suwidin da Norwe sun daɗe suna kayar da mus, dabbar da ta fi saniya tsawo, da harsashin 6.5×55 na 1894, wanda ƙarfinsa bai yi nisa da wannan ba. Shurinsa yana wajen jul 16, yaro ɗan shekara goma sha uku mai jiki zai iya yin harbi ashirin da shi ba tare da ya ƙosa ba, kuma a Amurka da Kanada yanzu yana cikin waɗanda suka fi cika kantuna.

Bututunsa yakan yi harbi 2,000 zuwa 3,000, wanda ga mai farauta shekaru ne masu yawa. Haɗarinsa yana cikin sunan da ya yi. An yi ta yabon sa da harbin nesa har wasu suka ɗauka cewa sayen sa kaɗai ya ba su izinin harbin dabba a mita 500. Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar harsashin gasa zuwa daji, alhali ba don ya buɗe cikin nama aka ƙera shi ba. Ga mai niyyar zuwa Namibiya akwai shinge na doka, domin ƙa'idar farauta ta can tana neman faɗin milimita 7 zuwa sama, abin da ya fitar da shi tare da .243.

7mm-08 Remington

Idan da a kan takarda kaɗai ake zaɓe, wannan ne zai lashe. Remington ya mayar da shi harsashin kasuwa a 1980, shi ma daga kwanson .308, kuma aikinsa kusan ɗaya ne da na tsohon 7×57 Mauser wanda ya yi fiye da ƙarni guda yana ciyar da manoma a kudancin Afirka. Yana jefa ƙwaya mai giram 9 da ɗan sauri fiye da Creedmoor, shurinsa bai kai jul 20 ba, ya cika sharaɗin Jamus da na Namibiya, kuma da ƙwaya mai ƙwari ya isa ga kudu da elk a matsakaicin nisa. Bututunsa ya fi na .243 da Creedmoor daɗewa.

Matsalarsa kanti. A babban gari za a same shi, amma a ƙaramin shagon ƙauye mai yiwuwa iri ɗaya ne a kan kanta ko babu sam, kuma babu harsashin atisaye mai araha kamar na .308. A lokacin ƙarancin harsashi da aka yi a Amurka a 2020 da 2021, masana'antu sun fi mayar da hankali ga awon da aka fi saye, masu irin wannan suka daɗe suna jira. Wanda zai zaɓe shi sai ya zama mai sayen kwali da yawa lokaci guda ya ajiye.

.270 Winchester

Tun 1925 yake, kuma har yanzu yana cikin masu miƙewar tafiya: ƙwaya mai giram 8.4 tana fita da gudun sama da mita 930 a daƙiƙa. A fili mai faɗi, kamar jihohin yammacin Amurka ko yankin Karoo na Afirka ta Kudu, wannan yana rage lissafin ɗaga saiti. Sai dai ya kamata a san girman ribar: idan an daidaita bindigogin biyu a nisa ɗaya, bambancin faɗuwar ƙwayarsa da ta .308 a kusan mita 270 bai wuce 'yan santimita ba. Shurinsa daidai yake da na .308, ƙararsa tana da kaifi, bindigarsa ta fi tsawo saboda kwanson ya kai milimita 64, kuma ƙwayoyinsa na yau da kullum ba sa wuce giram 9.7. Harsashi ne mai kyau ga babban mutum ɗaya. A matsayin na gida kuwa ban ga abin da ya ba yaro wanda 7mm-08 bai ba shi da sauƙi ba.

.308 Winchester

Winchester ya kai shi kasuwa a 1952, kuma bayan shekara biyu ƙungiyar NATO ta ɗauki ɗan'uwansa 7.62×51 a matsayin harsashin soja. Wannan tarihi ne ya sa babu nahiyar da ba a ƙera shi, kuma shi ya sa harsashin atisayensa ya fi na sauran araha. Kwali mai guda 20 na farauta na gama-gari yakan kama dala 25 zuwa 40 a Amurka a shekarun nan, na atisaye kuma ƙasa da haka. Bututunsa yana haura harbi 5,000, wato bindigar za ta iya kaiwa ga jikoki.

Abin da ya sa ya dace da gida shi ne faɗin zaɓin da yake bayarwa. Akwai ƙwaya daga giram 8 har 11.7, kuma akwai harsasai da aka rage wa albarushi da gangan, kamar Custom Lite na Hornady mai giram 8.1, waɗanda shurinsu yake sauka kusa da na .243 amma suna kayar da barewa a cikin mita 150 zuwa 200. Ke nan yaro zai fara da mai sauƙi, mahaifinsa ya sa mai nauyi ranar da zai bi elk ko kudu, duk a bindiga ɗaya. Sharaɗi guda ne ba a tsallakewa: kowane irin harsashi yana da inda yake sauka, don haka duk lokacin da aka canza sai an koma filin atisaye an sake daidaita madubi. Gidajen da suke mantawa da wannan su ne suke dawowa suna zargin bindiga.

Da cikakken harsashi a bindiga marar nauyi, shurinsa yana kaiwa jul 24, wanda ya yi wa ɗan shekara goma sha biyu yawa. A nan nauyin bindiga yana taimakawa, domin mai kilo 4 tare da madubi ta fi mai kilo 3 ladabi a kafaɗa, ko da yake ta fi wuyar ɗauka a doguwar tafiya.

.30-06 Springfield

Harsashin sojan Amurka ne na 1906, ya yi yaƙin duniya biyu, kuma ƙwayarsa faɗi ɗaya ce da ta .308, sai dai kwansonsa ya kai milimita 63 maimakon 51. Ƙarin albarushin yana amfani ne idan ƙwaya ta yi nauyi, daga giram 11.7 zuwa 14, inda yake zama zaɓi mai kyau ga mus a Kanada ko eland, mafi girma a dangin gwanki, a Afirka. A kan barewa babu dabbar da za ta gane bambancinsa da .308, amma kafaɗa za ta gane, tunda shurinsa yana bakin iyakar da manya suke jurewa. Samuwarsa da farashinsa kusan ɗaya ne da .308, kuma shi ma akwai masu ragaggen ƙarfi.

Masu ƙarfin da ya wuce nan, irin su .300 Winchester Magnum na 1963 da .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ba na gida ba ne. Na biyun shi ne mafi ƙarancin awo da ƙasashen Afirka da dama suke yarda da shi ga ɓauna da sauran masu haɗari, shurinsa ya ninka na .308, kuɗin harsashinsa ma ya ninka ko fiye. Wanda zai bi ɓauna sau ɗaya a rayuwarsa ya yi hayar bindiga a wurin masu gandun ya fi masa.

| Awo | Shekara | Ƙwaya (giram) | Ƙarfi a baki (jul) | Shuri (jul) | Samuwa da farashi | Daɗewar bututu |
|---|---|---|---|---|---|---|
| .243 | 1955 | 6.5 | 2,600 | 12 | ko'ina, da sauƙi | gajere |
| 6.5 Creedmoor | 2007 | 9.1 | 3,100 | 16 | ko'ina, da sauƙi | matsakaici |
| 7mm-08 | 1980 | 9.1 | 3,300 | 18 | sai an nema, da ɗan tsada | mai kyau |
| .270 | 1925 | 8.4 | 3,650 | 23 | ko'ina, da sauƙi | matsakaici |
| .308 | 1952 | 9.7 | 3,600 | 22 zuwa 24 | ko'ina, mafi araha | mafi tsawo |
| .30-06 | 1906 | 11.7 | 3,950 | 27 | ko'ina, da sauƙi | mai tsawo |

Alƙaluman shuri ƙiyasi ne a kan bindiga mai nauyin kusan kilo 3.6, kuma suna hawa ko sauka gwargwadon nauyin bindiga da irin harsashi.

Haɗarin da ya shafi gida musamman

Inda hannu da yawa suke taɓa kaya ɗaya, cakuɗuwar harsashi ita ce abin tsoro. .243, 7mm-08 da .308 kwanso ɗaya gare su, ido ba ya saurin rarrabe su, kuma harsashin .308 yana iya shiga bindigar .270 ya rufu, alhali ƙwayarsa ta fi ƙarfin bututun, abin da kan fasa bindiga a fuskar mai harbi. Wannan kaɗai hujja ce mai ƙarfi ta tsayawa a kan awo ɗaya a gida, da koya wa kowa karanta lambar da ke gindin kwanso ya gwada ta da wadda aka zana a jikin bututu. Ajiya kuma a akwatin ƙarfe mai kulle, harsashi a wani wuri dabam, makulli a hannun mai lasisi.

Ƙota ma abin dubawa ce. Tsawon da aka saba yi wa manya daga kunama zuwa kafaɗa kusan santimita 34 ne, na matasa kuwa wajen 32, kuma ƙotar da ta yi wa yaro tsawo tana ƙara masa zafin shuri tana kuma jawo madubi ya sare shi a gira. Bindiga mai ƙotar da ake ƙara wa tsawo ko ragewa ta fi wani ƙarin ƙarfin harsashi amfani. Na'urar rage shuri da ake ɗaurawa a bakin bindiga tana aiki, amma tana ƙara ƙara ga duk wanda yake gefe, kuma dukan waɗannan harsasai ƙararsu ta riga ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙara, inda harbi ɗaya kan iya lalata kunne, don haka abin toshe kunne wajibi ne ga babba da yaro.

Sai dokokin wuri, waɗanda sukan rushe duk lissafin da ke sama. 'Yan'uwanmu da ke Kolombus su sani cewa jihar Ohayo ba ta yarda a harbi barewa da ko ɗaya daga cikin waɗannan shida ba, sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, irin .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019, wanda shi ma shurinsa mai sauƙi ne. Kalifoniya ta hana ƙwayar dalma a farauta tun Yulin 2019, sai ta jan ƙarfe. Mai shiga Afirka ta Kudu da bindigarsa yana cika takardar SAPS 520, ba a barin sa da fiye da harsashi 200 ga kowace bindiga, kamfanonin jiragen sama kuma ba sa ɗaukar fiye da kilo 5 na harsashi ga fasinja.

Wane ne ya dace da wane

Gidan da manya ne da matasa, ana son bindiga ɗaya tak da za ta yi barewa bana ta yi elk ko kudu baɗi, ya ɗauki .308, ya fara yaran da harsashi mai ragaggen ƙarfi. Gidan da yawancin masu harbin yara ne ko mata sababbin shiga, kuma barewa ce abin farautar, a Amurka, Kanada, Ingila ko Jamus, 6.5 Creedmoor ya fi masa daɗi, zai kuma sa a yi atisaye da yawa. Wanda yake son sauƙin Creedmoor amma yana da niyyar Namibiya, kuma ba ya ƙyashin sayen harsashi ya tara, 7mm-08 ne nasa. .243 na gidan da yaron bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba ne, bisa sanin cewa wata rana za a ƙara bindiga ta biyu. .270 ya dace da manya masu farauta a buɗaɗɗen fili, .30-06 kuma da gidan da babu yaro a cikin masu harbi kuma mus ko eland suna cikin lissafi. Mazaunin Ohayo ya nemi .350 Legend. Wanda kuma yake zaune a Aboabo ko Nima, farautarsa ba ta wuce gyazbi da gada a gonar dangi ba, mai lamba 12 da lasisin 'yan sanda da izinin sashen namun daji su ne abin da zai nema, idan kuma tafiyar Afirka ta Kudu ta taso ya yi hayar .308 ko .30-06 a can.